Shekara 53, kilo 92, gwiwa ta fara ƙin sujada: me zan ci, me zan bari?

Malamar Firamare:

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Na jima ina leƙowa zauren nan ina karanta hirarku ban taɓa tofa albarkacin bakina ba, yau dai larura ta fito da ni.

Ni malamar firamare ce a Zariya, shekarata 53, haihuwa bakwai, autana yana aji biyu a ƙaramar sakandare. Lokacin da aka kai ni ɗaki siririya ce ni sosai. Kowace haihuwa ta bar mini rabonta a jiki, kuma a zamaninmu ba wanda ya ɗauki wannan abin damuwa. Kwana arba'in kina zaune ana ɗura miki kunun kanwa da gasasshen nama da yaji, ki fito a ce ma sha Allah, jego ya karɓe ta. Da al'ada ta ɗauke mini sai abin ya sake salo, duk ya tattaru a ciki. Hannu da ƙafa suna nan yadda suke, tumbi ne ya yi gaba. Telana har ya gaji da buɗa mini riguna.

Watan jiya ciwon kai ya matsa mini na je asibiti. Aka ɗora ni a sikeli, kilo 92, tsawo santimita 158. Awon jini 148 bisa 94. Washegari na koma ban karya ba aka gwada suga, 112. Likita ya ce ba a kira shi ciwon suga ba tukuna amma na kusa, in rage ƙiba, in rage gishiri, in dawo bayan wata ɗaya a sake awo. Layi har bakin ƙofa a bayana, ban ga fuskar tsayawa tambaya ba. To "ki rage ƙiba" a baki ba wuya. Ta yaya?

Abin da ya fi damuna ma gwiwa ce. Nafila yanzu a kan kujera nake yi. Farilla ina daurewa in kai goshi ƙasa, amma tasowa daga sujada sai na dafa bango. Ajina a bene yake, kafin in kai sama sai na tsaya a tsakiya ina laluben jaka, don kada yara su gane haki nake. Ga shi ina zuba adashin gata na aikin Hajji, burina in Allah ya kai ni in yi ɗawafi da ƙafafuna, ba a tura ni a keke ba.

Bari in faɗi abin da nake ci tsakani da Allah, don mai ba da shawara ya san inda zai kama. Da safe shayi da madarar gari da sukari cokali uku, da burodi. Ranar da ba makaranta koko da ƙosai. In an tashi tara akwai mai kawo mana masa da awara, in haɗa da lemo mai sanyi, babbar roba. In na dawo wajen biyu da rabi, shinkafa da miya, ko taliya da manja da yaji, ko garau-garau. Da dare tuwon masara ko na shinkafa malmala biyu, miyar kuka ko kuɓewa, a zuba man shanu. Maigida ba ya shigowa sai bayan isha'i, tare muke ci, daga nan sai kallo sai barci. Asabar da Lahadi kuwa kun san hali, in ba biki ba suna, ga alkaki ga dubulan ga shinkafar roba.

Tun da na faɗi abin da likita ya ce, kowa ya zama likita. Maƙwabciyata ta kawo mini wani ganyen shayi a farar leda, ba suna ba takarda, wai sati biyu yake narkar da teɓa. Abokiyar aikina ta ce ruwan ɗumi da lemon tsami da citta kafin a karya. Wata ta ce in yi sallama da tuwo da shinkafa gaba ɗaya, daga ƙwai sai kaza sai kabeji, ban san da wane albashin ba. 'Yata da ke jami'a ta ce kada in ci komai sai sha biyun rana.

Ni ba komawa budurwa nake nema ba. So nake in tsufa da ƙarfina, in yi sallata a tsaye, kada in zama kaya a hannun 'ya'ya. Wanda ya san hanya ta gaskiya da abincinmu na gida, irin wanda malamin makaranta zai iya saye, ya taimaka. Shayin nan kuma in sha ko in bari? Allah ya bar zumunci.

Uwargida Ran Gida:

Wa alaikumus salam Anti. Ki sha shayin kawai, in dai irin wanda na sani ne mai ɗan ɗaci, yana aiki. Ni da na sha cikin sati na sauke kilo uku, zanena har zamewa yake. Abin da za ki shirya masa kawai zirga-zirgar banɗaki ce, don haka ki fara ranar Juma'a da yamma tunda kina aiki. Wannan fitar ai kitsen ne da dattin ciki suke tafiya. Ki haɗa da hulba da kirfa. Allah ya ƙara sauƙi.

Ma'aikaciyar Jinya:

Wa alaikumus salam Yaya, sannu da jiki. Aikin jinya nake yi, yawancin shekaruna a wajen masu hawan jini da suga, don haka labarinki ba baƙo ba ne a wurina.

Shayin nan kada ki sha. Uwargida ki yi haƙuri, na yarda sikeli ya nuna miki kilo uku, amma ruwa ne ya fita. Kitse ba ya bin bayan gida, jiki ƙona shi yake yi a hankali, mafi yawansa ya fita ta numfashi. Galibin irin wannan haɗin filasko ne a ciki ko danginsa, maganin wankin ciki da iyayenmu suka sani, kuma su ma ba kullum suke sha ba. In aka ɗore da shi yana zuƙe ruwan jiki da sinadaran da zuciya take bugawa da su, hanji kuma ya saba har ya ƙi aiki sai da shi. Wani haɗin ma maganin bature ake barbaɗawa a ɓoye. Akwai mai suna sibutramine da aka janye daga kasuwa a Turai da Amurka a 2010 saboda yana jawo bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki, amma bayan nan hukumomi sun sha kama shi a cikin shayi da kofi na rage ƙiba da aka rubuta wa ganye zalla. Mai awo 148 bisa 94 ba ruwanta da ledar da ba suna, ba lambar NAFDAC, ba wanda za a kama in ta yi ɓarna.

Sugan safe kafin a karya, ƙasa da 100 lafiya lau. 100 zuwa 125 gargaɗi ne. In ya kai 126 a gwaji biyu, ciwon ya shigo. Ke kina 112, inda har yanzu ake iya juyawa. An yi wani babban bincike a Amurka da sakamakonsa ya fito a 2002, mutum sama da dubu uku masu irin matsayinki. Waɗanda aka ɗora a kan rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu da motsa jiki na minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin ɗari, har sun fi waɗanda aka ba ƙwaya. Kashi 7 na kilo 92 kilo shida ne da ɗoriya. Shi za ki sa a gaba cikin wata shida, ko rubu'in kilo kike saukewa a mako kin isa. Gwiwa ma za ta shaida, don duk kilo ɗaya da ya sauka, nauyin kusan kilo huɗu aka ɗauke mata a kowane taku.

Sikeli yana da ruɗi, yau sama gobe ƙasa. Ki samu zare ki auna tsawonki daga ka zuwa ƙafa, ki ninke shi gida biyu ya koma rabin tsawonki, ki zagaya a cikinki saitin cibiya. In baki ya haɗu, madalla. In bai haɗu ba, ratar ita ce aikin da ke gabanki. Kitsen ciki shi ne mai haɗarin, shi ke kewaye hanta yana hana insulin, sinadarin jiki mai saukar da suga a jini, yin aikinsa, kuma bayan ɗaukewar al'ada can jikin mace ya fi tarawa.

Da na karanta jerin abincinki, abin sha ne ya fara tsone mini ido kafin tuwo. Robar lemo ta 50cl tana ɗauke da sukari wajen giram 50, cokalin shayi goma sha biyu kenan. Ƙara ukun shayin safe, in ma da ƙaramin cokali kike ɗiba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ya fi wa babba alheri ya tsaya a wajen cokali shida a yini. Kin ninka wannan sau biyu da rabi tun azahar ba ta yi ba, kuma ba ki ƙoshi ba, don abin da aka kurɓa ba ya tare yunwa yadda abin taunawa yake yi. Lemon malt da ake haɗawa da madara wai ƙarin jini, sahu ɗaya. Zoɓo da kunun aya na sayarwa haka. Daga nan za ki fara: lemo ya fita, sukarin shayi cokali biyu wannan satin, ɗaya sati na gaba. Kada ki ce za ki koma zuma, a jini ita ma suga ce. Ruwan ɗumi da lemon tsami ba ya narkar da komai, amfaninsa kawai in ya maye gurbin shayi mai zaƙi.

Sai mai. Cokalin cin abinci ɗaya kalori 120 ne (kalori ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki ne, rararsa ke zama kitse), ko na gyaɗa ne, ko manja, ko man zaitun mai tsada, man shanu ma kusan haka. Masa da awara da ƙosai duk a cikinsa suke nutso. Ban ce ki haramta wa kanki ba, amma na kullum ya koma na ranar Juma'a. Ki tafi makaranta da dafaffen ƙwai ko gyaɗa cikin tafin hannu, da yalo ko gwaiba.

Tuwo kuwa kada wanda ya raba ki da shi. Wadda ta ce ki bari gaba ɗaya, ki tambaye ta bayan wata uku ko tana nan a kan bakanta. Malmala biyu ta koma ɗaya daidai dunƙulen hannunki, miya ta ninka, a cika ta da ganye. In da hali, tuwon dawa ko gero ko alkama da ba a surfe har an kore dusar duka ba ya fi na farar shinkafa da semo riƙe ciki. Garau-garau yana nan, amma wake ya rinjayi shinkafa. Acca da ake yayi tana da kyau, sai dai hatsi ce ita ma, in kika cika kwano da ita ba ki tsira ba.

Malamar Firamare:

Allah ya saka da alheri ƙanwata, ya raya zuri'a. Na gwada zaren, ratar ta fi taƙi guda. Ledar shayin na ajiye, zan san yadda zan mayar wa mai ita ba tare da ta ji haushi ba.

Amma ga inda gizo ke saƙar. Mu goma sha ɗaya ne a gida, tukunya ɗaya. Maigida in miya ba ta ji dunƙule da mai ba sai ya ce yau kuma asibiti aka kwantar da mu? Ba zan iya girki biyu ba, ga tsadar gas. Sannan tafiyar nan, a ina? Mace mai shekaruna ta ɗaura takalmi tana zagaye unguwa da sassafe, gobe sai a ce Malama ta samu taɓi. Kuma in na fara zubewa dangin miji za su fara tambaya, lafiya kuwa, ko Alhaji aure zai ƙara? Sai fura, ina sonta ƙwarai, ita ma ta shiga jerin? Azumin Litinin da Alhamis fa, zai iya zama madadin abin da 'yata take faɗa? Na manta ban faɗa ba, ina shan diclofenac na kemis saboda gwiwar, kusan kullum.

Tsohon Ma'aikacin Reluwe:

Salamu alaikum. Malama ki gafarce ni na shigo maganar mata, jikana ne yake karanta mini, ina faɗa yana rubutawa. Na haura saba'in. A tashar jirgin ƙasa ta Zariya na yi aiki har na ajiye, gari ɗaya muke.

Maganar abinci malamar asibiti ta gama ta. Abin da na gani da idona zan faɗa. Mu da muka yi ritaya tare mun kasu biyu. Akwai waɗanda suka samu benci a ƙofar gida daga hantsi har la'asar, a kawo shayi, a kawo goro, a kawo tsire. Akwai waɗanda suka riƙe gona ko keke. Ban ce ajali yana duba wannan ba, kwana na Allah ne. Amma yadda mutum zai ƙarasa kwanakin nasa, a kan ƙafarsa ko a kan tabarma ana juya shi, na ga bambanci ƙarara.

Tsufa ta cinya yake fara kama mutum. Naman jiki zaizayewa yake yi a hankali in ba a ba shi aiki ba, tun mutum yana ganin da sauransa. Da likitan ƙashi ya duba gwiwata ya ce ta riga ta ci, amma in cinya ta yi ƙarfi za ta rage mata wahala, ya koya mini abu mai sauƙi. Kujerar nan da kike nafila a kai, ki jingina ta da bango, ki zauna ki miƙe ba tare da kin dafa komai ba, sau goma, ki huta ki sake. In ba ki iya ba, fara da dafawa. Sai ki zauna ki miƙe ƙafa ɗaya sambal, ki riƙe ki ƙirga goma, ki sauya. Sai tsayuwa da ƙafa ɗaya kina riƙe da ƙyaure. Wannan saboda faɗuwa ne, don tsoho in ya faɗi ya karya ƙugu, sau da yawa daga nan ba ya ƙara tashi daidai.

Inda za ki yi tafiya kuwa, ai kina da fili, makarantar taki. Ki riga yara zuwa ki zagaya filin ƙwallo ke da wata malama, wa zai ce uffan? Ko mai adaidaita ya sauke ki tun kafin kwanar makaranta. Ba dole sai rabin awa a haɗe ba. Minti goma da safe, goma bayan abincin rana, goma a tsakar gida bayan tuwon dare, lissafi ya cika. Ni masallacin ƙofar gidana na bar wa asuba da isha'i, sauran ukun sai na taka zuwa na bakin kasuwa. Ki samu takalmi mai taushin ƙasa, ba silifas ba.

Tunda kin ambaci Hajji, Safa da Marwa kaɗai sahu bakwai ɗin ya haura kilomita uku, ban da ɗawafi, ban da tattakin jifa daga tantin Mina. Wanda bai saba tun a gida ba, can ba wurin koyo ba ne.

Shi kuma Alhaji a gaya masa in ji wani tsoho, ya je a auna shi shi ma. Mai son miya ta ji dunƙule, ya ci tuwo bayan isha'i ya kwanta, ba zan yi mamaki ba in nasa awon ya fi naki. Hadisin nan na kasa ciki uku, ɗaya abinci, ɗaya ruwa, ɗaya numfashi, ai ba mata kaɗai aka faɗa wa ba.

Maman 'Yan Biyu:

Mama sannu da ƙoƙari. Ni a Kano nake, mahaifiyata tana wurina tun da aka ce tana da hawan jini, kuma tukunya ɗaya nake ɗorawa.

Ban sanar da kowa za a canja girki ba. In kika yi shela, ranar kowa zai ji miya ba daɗi. Dunƙule na riƙa ragewa ɗaya bayan ɗaya, ina ƙara daddawa da albasa da tafarnuwa da citta da garin busasshen kifi. Harshe sabawa yake yi. Yanzu in mun ci abincin biki gishirin har ɗaci yake mana. Mai na daina tuttulawa daga galan, da ƙaramin ludayi nake aunawa. Man shanu ba ya shiga tukunya, a kwalbarsa yake zuwa kan tabarma, mai so ya zuba a kwanonsa. Wannan kaɗai ya kashe ƙorafin maigida.

Ganye kuwa Allah ya yi mana arziki, raina shi muke yi wai abincin ƙauye. Kwaɗon zogale ko na rama da ƙuli-ƙuli da tumatir da albasa, Umma takan fara da shi kafin tuwo, sai ki ga malmala ɗayar ma da ƙyar take gamawa. Dambu in cika shi da zogale har ya fi tsakin yawa. Faten tsaki da yakuwa da alayyahu da wake. Da damina ga tafasa ga lalo, kusan kyauta. In zogale ya yi araha nakan saya da yawa in shanya a inuwa in adana. Ƙosai ya koma alale, waken ɗaya ne, suyar ce ta fita.

Fura ban hana Umma ba, kuma a ganina kada a tsananta a nan. Gero ne da nono. Abin da ya ɓata ta sukarin da ake zubawa ne, da shan ta bayan an ƙoshi da shinkafa. Curi ɗaya, nono mai yawa, ba sukari, kuma ta zama ita ce abincin ranar, ba 'yar rakiya ba.

Biki kuwa ki ci wani abu a gida kafin ki fita, robar da aka miƙo miki ki sa a jaka ki kawo wa auta.

Masu cewa kin rame, Mama, su ne dai suke sa 'yan mata shan sha-ka-fashe kafin aure, fuska ta kumbura a ce amarya ta yi kyau. Ki ce musu likita ne ya sa, magana ta ƙare.

Ma'aikaciyar Jinya:

Baba mun gode, Allah ya ƙara girma. Abin da kuka faɗa kan cinya shi na bari a baya. Hukumar Lafiya ta Duniya ma haka ta tsara: motsa jiki minti 150 zuwa 300 a mako, da aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu. Mai rage ƙiba bayan hamsin, in ba ta motsi kuma ba ta cin abin gina jiki, tsoka take zubarwa tare da kitsen. Don haka kowane ci a samu wake, ko ƙwai, ko kifi, ko nono, ko awara a jefa ta a miya maimakon suya.

Yaya, diclofenac ɗin nan ya fi shayin tayar mini da hankali. Shi da ibuprofen da danginsu in ana sha kullum suna ɗaga hawan jini, suna lalata ƙoda, suna ƙwarzar ciki har ya yi jini. Ba mamaki yana da hannu a 148 ɗin nan. Ki dakata da shi, kuma kada ki jira wata ya cika, ki koma ki faɗa wa likita tsawon lokacin da kika ɗauka kina sha, ki roƙi gwajin ƙoda. Akwai na shafawa, akwai farasitamol, shi zai zaɓa miki.

Gishiri ƙasa da giram 5 ake so a yini, bai cika cokalin shayi ba, har da wanda ke cikin dunƙule da burodi da taliyar yara. Abin da mutane ba sa lura da shi kanwa ce. Sinadarin da ake gudu a gishiri, sodiyam, shi ne a cikinta. Tun a shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na ABU a Zariyarku suka danganta yawan ciwon zuciyar masu jego da kunun kanwa da wankan ruwan zafi da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi. Don haka wajen ɗanwake da miyar kuka a sassauta hannu.

Azumin Litinin da Alhamis ki yi abinki, lada na nan, tunda ba ki kan maganin suga kuma likita bai hana ba. Amma ba zai sauke kilo ba in buɗa-baki ya zama kunu mai sukari da soyayyen dankali da ƙosai, sannan tuwo ya biyo. Mutum nawa ne suke fita Ramadan sun fi yadda suka shiga? Tsarin 'yarki na jinkirta karin kumallo, da aka gwada shi da rage abinci kawai, sakamakon kusan ɗaya ne. Mai tsayuwa gaban allo tun takwas, ban ga dalilin wahalar ba. Gara ki jawo tuwon darenki zuwa bayan magariba, in Alhaji ya shigo ki taya shi zama da kankana ko gwanda. Fura na bi bayan Maman 'Yan Biyu, gwajin suga na gaba shi zai raba gardama.

Sai wani abu da na san za a zo miki da shi. In aka sake awo likita ya ce ki fara ƙwayar hawan jini, ki karɓa. Za a ce miki zoɓo da tafarnuwa da zogale sun isa, wai in an fara ƙwaya ba a dainawa. Zoɓo marar sukari yana ɗan sauke awo, an gwada an gani, amma kaɗan ne, ba ya tsayawa a madadin magani, kuma ki sanar da likita kina sha. In nauyi ya sauka awo ya daidaita, shi da kansa zai iya rage miki. Ranar komawa ki rubuta tambayoyinki a takarda saboda layi, ki tafi da kwalin diclofenac ɗin ya ga ƙarfin wanda kike sha.